Nas a motar 'yan kwana-kwana: yadda aikin jinya ya shiga aikin kashe gobara

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Maganar yau daga gidanmu ta taso. Wata ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyata, ta gama makarantar koyon aikin jinya, ta ci jarrabawa, ta karɓi lasisinta. Tana zaman jiran aiki sai ta ga sanarwar ɗaukar ma'aikata a hukumar kashe gobara, ta ce za ta nema. Mahaifiyarta ta ce, "Shekara uku muna biyan kuɗin makaranta, ki ƙare a riƙon mesa?" Ita kuma da dare ta kira ni ta ce, "Yaya, kai da kake karance-karancen tarihi, don Allah kwalin nan nawa yana da amfani a wajen 'yan kwana-kwana, ko ajiye shi zan yi?"

Ban amsa mata a take ba. Na ce ta ba ni kwana biyu, domin amsar tana cikin wani abu da ya faru a Amurka tsakanin 1960 da 1975. Shi zan ba ku yau. Ku biyo ni.

A 1966 cibiyar masana kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar da wani ɗan rahoto kan mace-macen haɗurra, wanda ta kira cutar zamani da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Rahoton ya ce a shekarar 1965 kaɗai, haɗurra sun ji wa mutum miliyan 52 rauni, sun kashe 107,000. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne wa ke zuwa ɗaukar wanda ya yi haɗari. Kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar yana hannun masu sana'ar shirya gawa da binne ta, su kimanin 12,000. Dalili? Su ne ke da doguwar motar da mutum zai kwanta a ciki. Yawancin direbobin ba su da wani horo na a zo a gani. A ɗauke ka, a zuba a mota, a taka wuta zuwa asibiti. In ka isa da rai, to. Har rahoton ya kawo ra'ayin likitocin da suka dawo daga fagen yaƙi, cewa sojan da aka ji wa mummunan rauni a bakin daga ya fi samun damar rayuwa a kan mutumin da mota ta buge a titin birni.

To a daidai wannan lokacin, a cikin asibiti kuma wani abu yana canzawa, kuma nan ne nas ta shigo labarin.

A 1960 wasu masu bincike a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore suka nuna cewa in zuciyar mutum ta tsaya, za a iya riƙa danna masa ƙirji da hannu jini ya ci gaba da zagawa, ba sai an tsaga shi ba. Akwai kuma na'urar farfaɗo da zuciya. Sau da yawa wanda ciwon zuciya ya kayar, zuciyar ba tsayawa cak take yi ba, rikicewa take yi, ta riƙa karkarwa maimakon bugawa. In aka ɗora masa faranti biyu a ƙirji aka sakar masa wutar lantarki, sai ta koma kan hanya. Amma akwai sharaɗi: lokaci. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iskar numfashi.

Saboda haka daga 1962 asibitoci suka fara ware ɗaki na musamman don masu ciwon zuciya. Nan take suka ci karo da matsala. Ƙarfe ukun dare zuciyar majiyyaci ta rikice, likita yana gida ko yana can wani ɓangaren asibiti. Kafin a kira shi ya iso, aikin gama ya gama. Wa ke tsaye a kan majiyyacin dare da rana? Nas. A birnin Filadelfiya, wani likita mai suna Lawrence Meltzer da wata nas mai suna Rose Pinneo suka koya wa nas-nas karanta zanen bugun zuciya a jikin na'ura, da sakar wa majiyyaci lantarki da kansu ba tare da jiran likita ba. Har littafin koyarwa suka fitar a 1965. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran labarin ya hau: aikin da ake ganin na likita ne shi kaɗai ya sauko hannun nas, kuma mutane suka riƙa rayuwa.

Sai dai yawancin masu mutuwa da ciwon zuciya ba sa ma isa asibiti. A gida suke faɗuwa, ko wurin aiki, ko kan hanya. Wani likita a Belfast ta Ireland ta Arewa, Frank Pantridge, ya ce to a kai musu asibitin inda suke. Ya haɗa na'urar da ke aiki da batirin mota, nauyinta kusan kilo 70, ya saka a motar ɗaukar marasa lafiya. A farkon 1966 motar ta fara fita, a cikinta da ƙaramin likita da nas. Da ya wallafa sakamakon a 1967, likitocin Amurka suka ce su ma suna so.

Amma Amurka ba Belfast ba ce. Garuruwan manya ne, likita yana da tsada, kuma babu likitan da zai zauna yana jiran ƙararrawa. Sai wasu suka waiwaya suka ga wasu mutane da dama can suna zaune suna jiran ƙararrawa: 'yan kwana-kwana. Ofisoshinsu a warwatse suke unguwa-unguwa, an tsara su ne don mota ta isa ko'ina cikin 'yan mintuna. Suna aiki dare da rana. Suna da rediyon sadarwa, sun saba bin umarni, sun saba ganin jini da tashin hankali. Kuma dama su ake kira in mutum ya nutse ko ya maƙale a mota. A Miami, likita Eugene Nagel ya koyar da su, ya haɗa su da na'urar da ke aika zanen bugun zuciya ta rediyo zuwa asibiti. A Seattle, likita Leonard Cobb ya haɗa kai da shugaban hukumar kashe gobara Gordon Vickery, suka fara nasu a 1970. Sabon ma'aikacin da ya fito daga wannan yunƙuri shi ake kira faramedik, wato wanda ba likita ba, ba nas ba, amma an horar da shi ya yi maganin gaggawa a inda abu ya faru.

Gaskiya ɗaya da bai kamata in tsallake ba: ba 'yan kwana-kwana kaɗai suka fara wannan aiki ba. A Pittsburgh akwai Freedom House, wadda aka kafa a 1967, ma'aikatanta baƙaƙen fata ne daga unguwar talakawa, likita Peter Safar ya horar da su. Suna cikin faramedik na farko a ƙasar, amma a 1975 hukumar birnin ta kafa nata tsarin, nasu ya rufe. Labarinsu shiri guda ne, za mu dawo kansa in Allah ya yarda.

Yanzu mu je Los Angeles, inda amsar tambayar ƙanwata take.

A 1969, a asibitin Harbor General, wani likitan zuciya mai suna Michael Criley, da goyon bayan wani ɗan majalisar gunduma Kenneth Hahn, ya karɓi rukunin farko na 'yan kwana-kwana don a horar da su. Wa ta tsaya a kansu tana koya musu? Wata nas ce ta ɗakin masu ciwon zuciya, sunanta Carol Bebout. Ku kwatanta abin a ranku. Ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda suka saba fasa ƙofa da gatari, ga su a tsaye gaban nas tana nuna musu yadda ake neman jijiya a saka ruwa, yadda ake karanta zanen zuciya, wane magani ake bayarwa, nawa ake bayarwa. Ilimin da ya sauko daga likita zuwa nas, yanzu nas ce ke miƙa shi ga ɗan kwana-kwana.

A watan Disamba na 1969 motarsu ta farko ta fara aiki daga asibitin. Sai ga cikas. Dokar jihar Kalifoniya ba ta san wani abu wai shi faramedik ba. Ɗan kwana-kwana ya yi wa mutum allura ko ya sakar masa lantarki, a idon doka ya yi aikin likita ba da lasisi ba. Mafitar da aka samu ita ce, duk fitar da za su yi sai da nas a cikin motar. Su sun iya aikin, amma lasisinta ne ya halatta shi. Na tsawon watanni, kwalin nas shi ne izinin da motar 'yan kwana-kwana ke yawo da shi.

Wannan tsari ba zai ɗore ba, domin duk nas ɗin da ta hau mota ta bar majiyyata a kan gado. Sai aka kai ƙudiri majalisar jihar, wanda ya ɗauki sunan 'yan majalisa biyu, Wedworth da Townsend. Bai wuce cikin sauƙi ba. An samu adawa daga ɓangaren likitoci da na ma'aikatan jinya, kuma in ka duba za ka fahimce su. Mutum ya yi shekaru yana karatu, sai a ce wanda ya yi 'yan watanni zai riƙe sirinji a titi? Kusan irin ƙorafin mahaifiyar ƙanwata ne, sai dai ta ɗaya gefen: kowa yana kishin darajar kwalin. A watan Yuli na 1970 gwamnan jihar, Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu.

To me ya faru da nas? Ta sauka daga mota, ta koma bakin rediyo. Dokar ta ba faramedik damar yin aikinsa bisa umarnin likita ko wata nas mai horo na musamman da ke asibiti. Ɗan kwana-kwana yana durƙushe kan majiyyaci a falon gidansa, yana faɗa wa nas abin da ya gani, ita tana ba shi umarni. Har yau akwai irin waɗannan nas-nas a Kalifoniya. A 1972 aka fara wani wasan talabijin mai suna Emergency! kan 'yan kwana-kwana biyu masu wannan aiki da babbar nas ɗin asibitinsu. Mutane a sauran jihohi suka kalla suka fara tambayar hukumominsu, mu ina namu? A 1973 majalisar ƙasa ta yi dokar da ta zuba kuɗi a tsarin agajin gaggawa.

Sakamakon ya canza aikin kashe gobara gaba ɗaya. A 1980 gobarar da ake kiran 'yan kwana-kwanan Amurka a kanta ta kusa miliyan 3 a shekara. Yanzu ta ragu da kusan rabi. Kiran rashin lafiya kuwa ya tashi daga wajen miliyan 5 zuwa sama da miliyan 20. A yau kusan biyu cikin uku na kiran da suke amsawa na rashin lafiya ne ko rauni, gobara kuwa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Jar motar nan da kuke gani a fim tana jiniya, mafi yawan lokaci wajen tsohon da numfashinsa ya sarƙe za ta, ko mai naƙuda, ko wanda ya faɗi a banɗaki.

Jin haka sai mutum ya ce shike nan, nas ta zo kawai a ba ta hular kwano. A'a fa. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure.

Dokar 1970 sabuwar ƙofa ta buɗe, mai mabuɗinta daban. A Amurka ta yau, lasisin nas daban, shaidar faramedik daban, shaidar ɗan kwana-kwana daban. Yawancin hukumomin kashe gobara suna neman shaidar agajin gaggawa ta matakin farko, wadda ake samu da horon sa'o'i ɗari da 'yan kai. Wasu kuma faramedik suke nema, wanda horonsa ya haura sa'o'i 1,000. Nas mai digiri in ta zo, sau da yawa sai an ce ta kawo wannan shaidar, duk da karatunta ya fi tsawo. Wasu jihohin suna rage mata hanya da gajeren kwas, wasu kuma a'a. Akwai ma masu bin hanyar ta baya, faramedik ya yi kwas ya zama nas.

Wannan ba raini ba ne. Wurin aikin ne ya bambanta. Nas ta ƙware a kula da majiyyaci na kwanaki, a kan gado, da haske, da kayan aiki, da likita a kusa. Faramedik yana da minti goma ko ashirin, a gefen titi, cikin duhu ko ruwan sama, majiyyacin ma wataƙila rabinsa yana ƙarƙashin mota. Sannan ga ita kanta wutar, wadda babu makarantar jinyar da ke koyar da ita: yadda hayaƙi ke tafiya a gini, lokacin da rufi zai rufto, amfani da tukunyar iskar numfashi, kafa tsani, sarrafa mesa mai ƙarfin da zai iya kayar da namiji. Kafin ma a kai nan akwai gwajin ƙarfi. Wanda hukumomi da yawa ke amfani da shi ayyuka 8 ne a jere, a gama cikin minti 10 da daƙiƙa 20, kana sanye da riga mai nauyin kusan kilo 23. Wajen hawa bene a ƙara maka wajen kilo 11, can gaba ka ja mutum-mutumi mai kilo 75. Wannan gwajin bai san kwali ba. Kuma mata suna cin sa. Tun 1974 aka ɗauki Judith Livers aikin kashe gobara a jihar Bajiniya, tana cikin matan farko da suka yi shi a matsayin sana'a.

Akwai ƙasar da ta warware wannan tambaya ta wata hanyar, wato Faransa. Tun 1811, bayan gobarar da ta tashi a wata liyafa a ofishin jakadancin Ostiriya a 1810, Napoleon ya mayar da 'yan kwana-kwanan Faris rundunar soja, kuma har yau sojoji ne. A Faransa ma kusan huɗu cikin biyar na fitarsu ta ceton mutum ce, ba wuta ba. Sai dai su a cikin hukumar akwai sashen lafiya na kansa, da likitoci da masu haɗa magunguna da nas-nas. Nas tana shiga da kwalinta na jinya, a ba ta kaki da muƙamin hafsa. Tana fita wajen haɗari, ta ba da magani bisa ƙa'idojin da babban likitan hukumar ya sa wa hannu, kuma tana kula da lafiyar su kansu 'yan kwana-kwanan a wajen babbar gobara. Ba ita ke riƙe mesa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar ba baƙi ba ne ga wannan salo, domin lamba 18 da ake kira a Faransa ita ake kira a can.

Kun ga hanyoyi biyu ke nan. A Amurka an ɗauki ilimin nas an koya wa ɗan kwana-kwana. A Faransa an ɗauki nas ɗin kanta an sa mata kaki.

Mu a Najeriya, aikin kashe gobara ya faro ne a Legas a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 doka ta tsayar da shi da ƙafarsa. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya san irin bayanan da hukumar kashe gobara ke fitarwa: ba gobara kaɗai ba, akwai yaron da ya faɗa rijiya, da wanda ya nutse a kududdufi, da haɗarin mota. An ciro yaro daga ruwa ba ya numfashi. Mintuna huɗun nan da muka yi magana a kansu sun fara tafiya, kuma asibiti yana da nisa. Wanda ke tsaye a kansa a wannan lokacin ɗan kwana-kwana ne. Tambayar da Los Angeles ta yi wa kanta a 1969 ita ce a gabanmu: shi wannan na tsaye, me hannunsa ya iya?

Da kwana biyun suka cika na kira ƙanwata. Na ce mata abu uku. Na farko, kwalinki ba zai ɗauke miki horon kashe gobara ko gwajin ƙarfi ba, don haka in wutar kike so ki shiga, ki fara motsa jiki tun yanzu, kuma ki shirya zama ɗaliba daga farko. Na biyu, ki karanta sanarwar da kyau, ki gane gurbin da kike nema na sashen lafiya ne da ke buƙatar lasisinki, ko na gama-gari ne da za a ɗauke ki kamar kowa. Ki tambayi masu aikin, kada ki yi zato. Na uku, ko wanne kika shiga, kada ki bari lasisinki ya mutu, ki riƙa sabunta shi, ki nemi ƙarin horo a ɓangaren haɗari da gaggawa, domin hannun da ya daina aiki yana mantuwa.

Ta ce, "To Yaya, Umma fa?" Na ce ki ba ta labarin Carol Bebout. Ki ce mata akwai lokacin da 'yan kwana-kwanan Los Angeles ba su da ikon yi wa mutum ko allura sai da nas a motarsu, kuma nas ce ta koya musu yin allurar. Ta yi dariya ta ce za ta gwada, amma sai Umma ta ci abincin dare tukuna.

Har yanzu ba ta yanke shawara ba, kuma ban matsa mata ba. In a cikinku akwai nas da ke aiki da hukumar kashe gobara, a Najeriya ko Nijar ko wani wuri, don Allah ku faɗa mana yadda aikin yake a zahiri, zan isar mata. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare mu daga gobara da haɗari, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.